Ana Son Sautin Sarewa, Ana Ƙyamar Mai Busa Ta

A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Bayan shekara tara, a 1971, wani maƙeri a Ingila mai suna Bernard Overton ya yanka bututun alminiyam, ya huda masa ramuka shida, ya miƙa wa mabushin Ayalan Finbar Furey, wanda sarewarsa ta gora 'yar Indiya ta lalace. Daga wannan bututun aka samu doguwar sarewa mai kaurin murya da ake ji a kiɗan gargajiyar Ayalan a yau. Duk wanda ya ji ta zai rantse ta shekara ɗari biyar a hannun mutanen ƙasar, alhali jami'ar Samaru ma ta girme ta.

A wannan shekarar ta 1971 aka buga ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King. Ames a Zariya ya yi bincikensa, King kuma a Katsina, kuma sarewa na cikin kayan busar da suka rubuta. Ke nan lokacin da aka haifi ta Ayalan, sarewar ƙasar Hausa ta riga ta tsufa har ta shiga littafi. Shekara hamsin da 'yan kai bayan haka, jaririyar ta zagaya duniya, tsohuwar kuwa sai an yi cigiya kafin a sami mai busa ta tsakanin Jama'a da Samaru da Sabon Gari. An saba ɗora laifin a kan zamani. Zamani ba shi da hannu da yawa a ciki. Masu laifin suna nan da ransu, kuma da yawansu masu digiri ne.

Yana da kyau a fara duba abin da ya raya sarewar Ayalan. Tsawonta ya kusa ninka na ƙaramar sarewar kwano da suka saba da ita tun ƙarni na 19, kuma ƙa'idar bututu ce cewa in aka ninka tsawonsa, muryarsa kan sauka hawa guda cikakke. Daga nan ta samu amon nan mai taushi da ke kama da ajiyar zuciya. Tana da wahalar riƙo, domin ramukanta na nesa da juna, har mabusa kan toshe su da tsakiyar yatsu maimakon kan yatsu. Tana kuma cin numfashi. Amma waɗannan matsaloli su suka zama abin hira. Mabusanta suna musu a kan ko ta alminiyam ta fi ta roba daɗi, ko wadda ake iya zare wuyanta a daidaita murya ta fi ta bai-ɗaya, ko hannun wane maƙeri ya fi na wane. Maƙera suna sauraron musun, suna komawa maƙera su gyara. Da wasan Riverdance ya fito daga Dublin a 1994, da kuma fim ɗin Titanic na 1997 da ya kai amon sarewar Ayalan har shagunan kaset na Sabon Gari, kasuwa ta tarar da kayan a shirye: akwai mai ƙerawa, akwai mai koyarwa, akwai mai saye. Tun 1951 ma mutanen ƙasar suka kafa ƙungiyar Comhaltas a garin Mullingar, a lokacin da 'yan birninsu ke kallon kiɗan gargajiya a matsayin abin ƙauyawa. Sun san ciwon, sun yi masa magani.

Sarewar Arewa ta fi waccan wuyar busawa. Ta Ayalan tana da baki irin na usur, ko yaro ya hura za ta yi ƙara. Ta nan bututu ce buɗaɗɗiya sama da ƙasa, galibi mai ramuka huɗu, sai an karkata ta a gefen leɓe an sami daidai inda iska za ta tsage a bakinta. Mai koyo kan yi kwanaki yana hura iska kawai. Gwanaye kuma kan haɗa da gurnani daga maƙogwaro, sai a ji murya biyu daga mutum ɗaya. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mabushi na iya sa sarewa ta faɗi take ko kirari, wanda ya san maganar ya gane ta. Wannan ilimi ne cikakke, kuma a ƙirjin mutane yake zaune. In mai shi ya mutu bai koyar ba, ya tafi da shi kabari.

Abin mamaki, Hausawa ba su taɓa daina son wannan sauti ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin fina-finai irin su Sangaya na 1999, ɗakunan haɗa waƙa na Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, kuma amon sarewa na cikin abin da aka fi matsawa a jikinsa. Duk inda jaruma za ta yi kuka, ko za a nuna rugar Fulani da hantsi, sai an saka shi. Haka a waƙoƙin biki, haka a tallar rediyo. Kunne na neman sarewa kullum, aljihu ne ya ƙi biyan mai ita. Yaron da ke zaune gaban fiyano ba shi da laifi, abin da aka biya shi ya yi. Mai laifi shi ne wanda zai kashe miliyoyi a ɗakin taro ranar auren 'yarsa, ya ɗauko mai ɗaukar hoto daga Abuja, amma ya ga ɓarnar kuɗi ce a kira mabushi mai rai ya tsaya gaban baƙinsa.

Wanda ya guji kiɗa ɗungurungum saboda fahimtarsa ta addini, ba da shi ake wannan magana ba. Matsayinsa a fili yake, kuma bai yaudari kowa ba. Da wanda ake yi shi ne mai sauraron sarewar na'ura a motarsa daga Kwangila har ƙofar jami'a, wanda kuma zai ɗaure fuska in ɗansa ya shigo gida da ta gaske. Wannan ba tsoron Allah ba ne, tsoron a ce ɗan wane ya zama maroƙi ne. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna yadda ake ajiye makaɗa da maroƙa a ƙasan tsanin daraja. Boko ya zo ya rushe shinge da yawa: ɗan mahauci ya zama likita, ɗan maƙeri ya zama farfesa. Shingen makaɗa ne aka bari a tsaye. A 1988 jami'ar Samaru ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, aka yi tafi, aka ɗauki hotuna. An karrama mutum ɗaya, sana'ar kuwa aka bar ta a bakin ƙofa.

Akwai rukuni na biyu da ya fi na farko iya magana, wato masu kishin al'ada na bakin taro. Su a wurinsu sarewa ba ta cika sarewa ba sai ta kara ce, a hannun makiyayi, a bayan shanu. In aka ce a yi ta da bututun ruwa na roba ko na ƙarfe, sai su ce an ɓata gado, da tsohuwar zuma ake magani. To, su waiwayi kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, kuma da shi ya zagaya duniya. Su dubi kakakin da ake busa wa Sarkin Zazzau ranar hawan sallah: ƙarfe ne, maƙeri ya buga shi. Makiyayan Sahel da kansu sun daɗe suna huda duk bututun da ya zo hannunsu. Makaɗin Hausa bai taɓa jin tsoron sabon abu ba. Wanda ba ya busawa ne ke son a daskarar da sarewa, domin a wurinsa kayan ado ce ta ranar baje kolin al'adu. Kuma abin kunya ne a yi wannan musu a Zariya, garin da a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a kan aƙidar haɗa fasahar gida da kayan aikin zamani.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja guda mai nauyi, kuma ya kamata a ba su ita. Fiyano na tafiya ne a kan ma'aunin muryoyi na Turai, sarewar kara kuwa kowace da muryarta, gwargwadon tsawon karan da yatsun mai hudawa. In aka tilasta wa dukkan sarewa bin fiyano, wani abu zai salwanta. Gaskiya ne. Amma amsar ita ce a auna na tsofaffin mabusa, a rubuta tsawo da faɗi da tazarar ramuka, a ƙera iri biyu: mai bin muryar gida, da mai shiga ɗakin haɗa waƙa. Wanda ya koyi ɗaya zai iya ɗaya. Barin ta ba a taɓa ba shi ne ya kai ta inda take.

Lokaci kuma ba ya jira. Kakaki da algaita da farai suna da uban gida, fada ce ke ciyar da su. Sarewa dajin kiwo ne gidanta, kuma dajin ya zama abin da ya zama. Satar shanu da ta'addanci sun tarwatsa rugage daga Birnin Gwari zuwa Giwa. A Jama'a da Bomo da Basawa gonaki suna komawa gidajen hayar ɗalibai, burtali na ƙanƙancewa. Yaron da ke bin shanu a bakin Kubanni yau waya ce a aljihunsa. Makarantar da ta yaye mabusa shekaru aru-aru tana rufewa, ba a kuma buɗe wata ba.

Maƙwabta sun nuna ana iyawa. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya. Yacouba Moumouni ya ɗora ƙungiyar Mamar Kassey a kan sarewar Fulani tun 1995, ya kai ta manyan dandamalin Turai. Malam Mamman Barka ya tafi Tafkin Chadi a 2002 da tallafin UNESCO, ya zauna gaban dattijon da ya rage yana kaɗa biram na Buduma, ya karɓo kiɗan kafin mai shi ya rasu. Mai haɗa kiɗan fim ɗin Black Panther na 2018, Ludwig Göransson, ya taka har Senegal ya ɗauko busar sarewar Fulani daga bakin mai ita, kiɗan kuma ya ci kyautar Oscar. Baturen Suwidin ya ga ya dace ya biya mabushi, mai shirya fim a Kano yana matsa maɓalli.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin Zariya ba. Jami'ar da ta fito da irin dawa na SAMSORG ba za ta gaza auna karan dawa ba. Tana da sashen wasan kwaikwayo da fasahar dandamali, tana da injiniyoyi da masana kimiyyar sauti. Kasuwar Sabon Gari cike take da masu sayar da bututu da masu walda, waɗanda in aka ba su awo za su huda ɗari a mako, a sayar a farashin da ɗalibi zai iya. Sauran aikin na masu albashi ne. A nemo mabusan da suka rage a rugage da ƙauyuka, a ɗauke su a matsayin malamai masu lada, ba abin nuni ga baƙi ba. A ɗauki busarsu da sunayensu a jiki. Makarantu masu zaman kansu da ke sayen sarewar roba ta Turawa don darasin kiɗa su sayi ta gida. Mai biki ya ware wa mabushi kasonsa kamar yadda yake ware wa mai abinci.

Alamar da za a gane an yi nasara mai sauƙi ce. Ranar da aka ji ɗalibai biyu a Samaru suna musu a kan ko sarewar wani maƙerin Muciya ta fi ta wani na Cikaji daɗin murya, har ɗayansu ya fusata, ranar sarewa ta sami magada.