A Bar Wa Manomi Bishiyar Gonarsa

Duk shekara idan damina ta kankama, gwamnatocin jihohin Arewa sukan ƙaddamar da gangamin dashen itatuwa. Ana raba dashe, ana kiran adadi, ana roƙon jama'a su ba da haɗin kai. Wannan jarida tana tare da duk hannun da ya sa dashe a ƙasa. Amma muna ganin lokaci ya yi da za a riƙa faɗa wa jama'a nawa ne daga cikin abin da aka dasa suka ga bazara ta uku. Dashe yana bukatar ban ruwa a rani, yana bukatar shinge saboda awaki, yana bukatar wanda zai leƙa shi safe da yamma. Wanda aka dasa a filin da ba na kowa ba, da wuya ya sami ko ɗaya cikin ukun nan.

Ba sai an koya wa Bahaushe amfanin itace ba. Miyar kukar da ke kan murhu ganyen bishiya ce, daddawar da ke cikinta kuma daga kalwar ɗorawa ta fito. Man kaɗe, kunun tsamiya, turmin ƙirya, azarar giginya da ke riƙe da rufin soro, kabar goriba da ake saƙa tabarma, bagaruwar da majeman Kano da Sakkwato suka daɗe suna jeme fata da ita, duk kyautar itatuwa ce. Mata da yawa a karkara ba su da gona tasu, amma suna da tsintar kaɗanya da dafa daddawa, kuma da wannan kuɗin ake sayen sabulu da littafin makaranta. Sunayen wurarenmu ma shaida ne: Kurna da Ɗorayi da Giginyu a Kano, Rimin Gado, Gawon Nama a Sakkwato, har da Kukawa, tsohuwar fadar Shehun Borno.

A cikin itatuwan nan akwai wanda ya cancanci a tsaya a kansa, wato gawo. Halinsa ya saɓa wa na sauran. Da damina, lokacin da gero ke neman rana, sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, ba ya yi wa shuka inuwa. Da rani kuma, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da suke ci su yi ƙiba. Ganyen da ya zubar yakan ruɓe ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da manomi ke saye a buhun takin zamani, dabbobin da suka yini a gindinsa kuma su bar kashinsu a wurin. Shi ya sa zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo take fin ta tsakiyar fili, kuma kowane tsohon manomi ya san haka tun kafin masana su zo su auna. Tarihin baka na Damagaram ya riƙe cewa Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Mutanen da suka yi wannan doka sun san abin da suke karewa.

Darasi mafi girma a wannan fanni yana kusa da mu, a jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa wajen dashe a can, yawancinsa ya mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa su ƙone kowace bazara tohon tsofaffin kututtura ne, masu saiwa mai rai da ta riga ta nutse cikin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, ya datse sauran, ya kare waɗanda ya bari. Tun da saiwar ta riga ta kai ga laima, tohon yakan yi saurin da dashen gandu ba ya yi, kuma ba a ɗaukar masa ruwa. Kayan aikin duka wuƙa ce ko adda. Manoman yankin suka kira abin sassabin zamani.

Da farko an yi wa masu yin sa dariya, domin a lokacin gona mai tsabta ita ce alamar manomin kirki. Yunwar 1984 ce ta sa mutane da yawa suka gwada, ta hanyar shirin ba da abinci a matsayin ladan aiki, kuma da shirin ya ƙare da dama sun koma sun sare. Waɗanda suka bari ne suka ga riba: iska ta daina binne shuka da rairayi, an sami itacen girki a gona, an sami abincin dabba. Daga nan maƙwabci ya koya daga maƙwabci. Masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan Adam daga baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekarar da aka ba da ita ga Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya raya busasshiyar ƙasa da ramukan taki.

Akwai ɓangaren labarin da aka fi mantawa, kuma a ganinmu shi ne ginshiƙinsa. Tun zamanin Faransawa, doka a Nijar ta ɗauki itatuwa masu muhimmanci a matsayin na hukuma, ko da a gonar mutum suke. Manomi na iya shan tara don ya datse reshen bishiyar da ta tsiro a gonar gadonsa. To me zai sa ya bar toho ya girma ya zame masa abin tsoro? Sai da jami'an gandun daji suka sassauta, dokoki suka sauya, manomi ya tabbata cewa abin da ya rena nasa ne, sannan gonaki suka cika da gawo. A nan gida ma, binciken da masani Michael Mortimore da abokan aikinsa suka yi a karkarar da ke kewaye da Kano ya nuna cewa duk da cunkoson jama'a, itatuwan gonaki ba su ƙare ba, domin kowace ɗorawa da kowace kuka tana da mai ita. Dajin da ba na kowa ba shi ne motoci suka kwashe.

Ba muna cewa dashe ba shi da amfani ba ne. Darbejiyar da ke yi wa titunan Maiduguri da Sakkwato inuwa dasa ta aka yi, asalinta ma daga yankin Indiya take. Layukan darbejiya da aka soma dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa a 1975 don tare iska sun rayu, saboda an sa masu gadi, daga baya kuma aka bar wa ƙauyuka amfanin itacen. Amma babban shirin nan na katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda aka tsara zai ratsa daga Senegal zuwa Jibuti, ya nuna iyakar dogaro da dashe kaɗai. Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa a faɗin yankin kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai na filin da aka ƙudurta aka raya.

Ga kuma sara da ke gudana kullum. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tsadar gas da kananzir ta mai da gidaje da yawa kan gawayi da itace. Ba za mu ga laifin matar da ke neman abin dafa tuwo ba. Laifin yana kan masu injin yanka da ke kayar da ɗanyar kaɗanya da ƙirya su cika tirela, da waɗanda suka kwashe madobiyar Taraba zuwa Sin har sai da aka dakatar da Najeriya daga cinikinta a 2018, da jami'an da suka ga motocin suka ɗaga musu hannu.

Don haka muna kira ga majalisun dokokin jihohi su rubuta a fili cewa bishiyar da manomi ya rena a gonarsa tasa ce, yana da ikon datse ta da sayar da amfaninta ba tare da neman takarda ba, kuma wanda ya shiga ya sare masa ya yi sata. Malaman gona su koyi sassabin zamani su koyar, a kuma ɗebi manoman Jibiya da Daura da Maigatari a kai su Maraɗi da Matamai su gani da idonsu. Harshe ɗaya ne, ƙasa iri ɗaya ce, tafiyar ba ta da nisa. Hakimai da dagatai da arɗo-arɗo su zauna su tsai da yadda makiyayi zai sami ganye ba tare da ya kashe toho ba, domin shi ma yana da rabo a gawon da ya girma. Duk kwangilar dashe kuma, a titi ko a makaranta, a riƙe kaso mai tsoka na kuɗinta har sai an ƙirga abin da ya rayu bayan shekara 3, a buga sakamakon kowa ya gani.

Aikin na bazara ne, lokacin da ake sharar gona kafin ruwan farko. Jihar da ke son ganin bambanci sai ta tura malaman gonarta ƙauyuka tun watan Maris, kafin a kai adda da wuta kan tohon bana.