Amanar Da Ke Wuyan Alƙalin Gasar Waƙa

A farkon shekarar 2021, sa'ad da ake tantance masu neman shiga karo na shida na gasar waƙar nan ta talabijin da ake kira Nigerian Idol, wani yaro ɗan shekara 17 ya tsaya gaban alƙalai uku ya rera abin da ya iya. Da ya ƙare sai ɗaya daga cikin alƙalan, wadda ita kanta sananniyar mawaƙiya ce, ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa waɗanda suka ce masa ya iya waƙa ruɗinsa suka yi, kuma ba zai taɓa cin abinci da muryarsa ba, ko da yake ta nuna masa yana iya gwada sa'arsa wajen tsara wa waɗansu waƙa. Nan da nan magana ta game ƙasa. Waɗansu suka ce gaskiya ta faɗa, gaskiya kuwa ɗaci gare ta. Waɗansu suka ce sam, wannan cin fuska ne, an tozarta ɗan mutane a bainar jama'a don kawai a ƙara wa shiri armashi.

Ƙurar wannan batu ta daɗe da lafawa, amma tambayar da ya tayar tana nan daram, watau mene ne ainihin aikin alƙali a irin wannan gasa, kuma ina iyakar ikonsa? Wanda ya ɗauki abin wasa ne kawai, to, bai ga yawan samari da 'yan matan da kan yi sammako su bi layi a Ikko da Abuja da Fatakwal ba, waɗansunsu ma sai da suka ci bashin kuɗin mota, suna jiran a ba su minti ɗaya ko biyu su nuna baiwar da Allah ya yi musu.

Asalin wannan salon gasa daga Ingila yake. A 2001 aka fara shirin Pop Idol a can, a 2002 kuma ya ƙetara Amurka da sunan American Idol, inda wani Bature mai suna Simon Cowell ya yi suna wajen kaifin harshe da gwasale masu gasa. Masu gidajen talabijin suka lura cewa jama'a na tururuwa su kalli yadda zai yi kaca-kaca da wani, tun daga nan ya zama kamar ka'ida ce duk inda aka kafa irin wannan teburi sai an sami alƙali ɗaya mai tsanani, da ɗaya mai lallashi, da na ukun da ke tsaka-tsaki. A 2007 abin ya iso wannan yanki da sunan Idols West Africa, aka ɗora Dede Mabiaku, wanda ya daɗe tare da marigayi Fela, da Abrewa Nana ta ƙasar Gana, da marigayi Dan Foster mai gabatar da shiri a rediyo, a kujerun alƙalanci. Timi Dakolo ya zo na ɗaya, Omawumi ta bi masa. Bayan shekara guda kamfanin MTN ya kawo Project Fame, wadda ta ci gaba har 2016.

To, da farko dai ya kamata a san cewa akwai abubuwan da alƙali ke iya aunawa da gaske, waɗanda ba su da gardama wurin wanda ya san kan sana'ar. Ko muryar mai gasa ta zauna daidai kan sauti ko ta goce sama ko ƙasa, kunnen gwani zai ji. Ko yana tafiya tare da kiɗa ko kiɗa ya bar shi a baya, wannan ma a fili yake. Haka batun numfashi, domin akwai mai ɗaukar baiti da ƙarfi amma kafin ya kai ƙarshensa iska ta ƙare masa, sai ya yanke kalma biyu. Akwai fitar da harufa yadda mai sauraro zai san abin da ake faɗi, akwai kuma zaɓen waƙar da ta dace da muryar mutum, don sau da yawa mai siririyar murya kan ɗauko waƙar da ta fi ƙarfinsa ya kā da kansa. In alƙali ya tsaya kan waɗannan ya ce wa yaro ga inda ka sauka daga kan kari, ga inda numfashinka ya gaza, to, ya yi aikinsa, ya kuma ba yaron abin da zai tafi gida da shi ya gyara.

Amma akwai waɗansu abubuwa da ba su da ma'auni. Cewa wane yana da farin jini ko ba shi da shi, ko cewa muryar wance ba ta taɓa zuciya, wannan ra'ayi ne, ra'ayi kuwa riga ce, kowa da irin tasa. Mafi haɗari duka shi ne alƙali ya zarce daga hukunta waƙar da aka yi a gabansa ya shiga yanke hukunci kan abin da mutum zai zama nan gaba. Wannan gaibu ne, babu kuwa mai saninsa sai Allah.

Tarihin gasannin da kansu ya isa shaida. A karon farko na Project Fame, a 2008, Iyanya ya ci, Praiz ya zo na uku, duka biyun kuma suka yi suna daga baya. A 2013 Olawale ne ya ɗauki kambi, amma cikin waɗanda ba su ci ba a wannan karon akwai Niniola da Johnny Drille, waɗanda yau ba sai an gabatar da su ga mai sauraron waƙoƙin zamani ba. A 2016, karon farko na The Voice Nigeria, A'rese ta zo ta ɗaya, Chike ya zo na biyu, shi ne kuwa ya fitar da faifan da ya karaɗe ƙasar nan a 2020. A Amurka Jennifer Hudson ta bakwai ta zo a gasar 2004, amma a 2007 sai ga ta riƙe da lambar Oscar. Wannan ba ya nufin duk wanda ya ci bai cancanta ba, don Timi Dakolo da Chidinma, wadda ta ci Project Fame a 2010, da Mercy Chinwo, wadda ta ci Nigerian Idol a 2012, sun nuna ba a yi zaɓen tumun dare a kansu ba. Abin da yake nufi kawai shi ne daren gasa dare ɗaya ne, rayuwar mawaƙi kuwa doguwa ce. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wata matsalar kuma ita ce alƙalin talabijin bawan iyayengiji biyu ne. Yana wuyansa ya yi wa masu gasa adalci, amma wanda ya ɗauke shi aiki, watau mai shirin, abin da ya dame shi shi ne yawan masu kallo, domin da yawansu ne 'yan kasuwa ke biyan kuɗin talla. Shi ya sa a matakin tantancewa, wanda akan ɗauka a ajiye kafin a nuna, masu tace hoto ke zaɓo waɗanda suka fi kwafsawa su jera su don a yi dariya. Wanda bai iya ba sam, an san bai iya ba tun kafin a tura shi gaban alƙalai, amma aka bar shi ya shiga saboda faɗuwarsa haja ce. A da in an yi wa mutum dariya a dandali, gobe an manta. Yanzu kuwa ana yanko wurin a watsa a wayoyin hannu, ya bi yaro har makarantarsu da unguwarsu, ya kuma zauna a intanet shekara da shekaru. Magana zarar bunu ce, balle wadda na'ura ta naɗe.

Sa'an nan ga rigimar ido da kunne. A farkon shekarar 2009 wata mata 'yar shekara 47 mai suna Susan Boyle ta hau dandamalin gasar Britain's Got Talent, alƙalai da 'yan kallo suka dube ta sama da ƙasa suka raina, har sai da ta buɗe baki sa'an nan kowa ya shiga taitayinsa. Don maganin irin wannan ne shirin The Voice, wanda aka soma a ƙasar Holan a 2010, ya fito da dabarar juya wa mai gasa baya, alƙali ba ya ganinsa sai ya ji muryar ta gamsar da shi ya danna maɓalli kujerarsa ta juyo. Dabara ce mai kyau, sai dai a zagayen farko kaɗai take aiki. Da zarar an wuce nan, tufafi da kyan fuska da rawa da labarin tausayi da aka ba da game da mutum duk sai su dawo su hau kan sikeli.

In an kai zagayen ƙarshe-ƙarshe kuwa, yawanci akan karɓe wuƙa da nama daga hannun alƙalai a miƙa wa masu kallo. Ana kiran wannan mulkin jama'a, amma irin zaɓen da mutum ɗaya ke iya jefa ƙuri'a sau da yawa ne, kuma a shekarun da ake yin zaɓen ta saƙon waya kowace ƙuri'a da kuɗinta. Ke nan mai dangi masu hali, ko wanda 'yan garinsu suka ɗauki abin na kare mutuncin gida, yana iya kere wanda ya fi shi murya. Ba a nan kaɗai ake wannan ja-in-ja ba. A gasar ƙasashen Turai ta Eurovision da aka yi a Liverpool a 2023, masu kallo sun ba mawaƙin Finlan maki 376, ta Suwidin 243, alƙalai kuwa suka ba Suwidin 340, Finlan 150, da aka haɗa sai Loreen ta Suwidin ta ci da 583. Masu kallo suka ce alƙalai sun yi musu ƙwace, magoya bayan alƙalai suka ce ai don a taka wa son rai birki aka ajiye su. Kowane ɓangare da ƙamshin gaskiya a bakinsa, shi ya sa ba a iya sakar wa ɗaya ragama gaba ɗaya.

Akwai kuma wani gibi da mai kunnen Hausa zai fi kowa lura da shi. Galibin waɗannan gasanni waƙoƙin waɗansu ake ba masu gasa su maimaita, a ga wa ya fi kusa da mai ita ko ya fi ƙawata ta. A ƙasar Hausa kuwa ba da wannan ake sanin gwani ba. Abin da ya ɗaukaka Narambaɗa da Ɗanƙwairo shi ne azanci da sarrafa harshe da iya jeranta kirari, da yadda suke haɗa baki da 'yan amshinsu a kan kotso. Marigayi Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, nan take yake ƙaga waƙa a gaban wanda yake yi wa ita, kalangu na tashi. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai ne da kuntiginsa, amma ya yi wa talaka da ɗan ƙwadago magana har ta shiga. Da za a tsayar da ɗaya daga cikinsu yana saurayi gaban teburin da bai san komai ba sai waƙoƙin Turanci, a ce ya rera ta wani Ba'amurke, da wuya ya tsallake ranar farko. Ma'aunin da zai zubar da irin waɗannan kuwa akwai gyara a cikinsa. Haka abin yake ga mai waƙar Yarbanci ko Ibo ko Tibi, in babu wanda ke jin harshensa a cikin masu hukunci.

Saboda haka akwai abubuwan da ya wajaba masu shirya gasa su dubi Allah su gyara. Na farko, a bayyana wa masu gasa da masu kallo ka'idojin da ake bi tun kafin a fara, a ce murya maki kaza, bin kiɗa kaza, furuci kaza, tsayuwa a dandamali kaza, kowane alƙali kuma ya nuna makin da ya bayar da dalilinsa. Na biyu, a ƙayyade yawan ƙuri'ar da mutum ɗaya zai jefa, a kuma bar wa alƙalai wani kaso na hukunci har ranar ƙarshe, don kada aljihu ya rinjayi kunne. Na uku, a keɓe zagaye aƙalla ɗaya wanda kowa zai zo da waƙar da shi ya tsara, da harshen da ya ga dama, a sa wanda ya san waƙoƙin gargajiyar ƙasar nan cikin alƙalai. Na huɗu, duk wanda bai kai shekara 18 ba kada a nuna faɗuwarsa a talabijin sai da yardar iyayensa bayan sun ga abin da aka ɗauka.

Shi kuma alƙali, babu mai cewa ya yi ƙarya don a so shi. Yabon wanda bai iya ba cuta ce, don zai sa shi ya ɓata shekarunsa yana bin abin da ba rabonsa ba. Abin da ake nema gare shi shi ne ya soki waƙa ya bar mai waƙa da mutuncinsa, ya faɗi abin da kunnensa ya ji a daren, ya bar gobe ga Mai ita. Timi Dakolo, wanda ya tsaya gaban alƙalai a 2007, shi ne ya zauna a kujerar masu horarwa ta The Voice Nigeria a 2016, Omawumi kuma ta zama alƙaliyar Nigerian Idol a 2024. Yaron da ke rawar jiki riƙe da makirufo a bana yana iya zama mai riƙe da alƙalamin maki nan da shekara goma, kuma irin hukuncin da aka yi masa shi zai koya ya yi wa na bayansa. Allah ya sa masu abin su ji, su kuma gyara.