Mu karanta kwalba kafin mu haɗiye ƙwaya

A wata cibiyar karatun manya da muka ziyarta cikin jihar Maraɗi, wani dattijo ya fiddo kwalba daga aljihu bayan an tashi darasi. Ɗansa da ke ci-rani ne ya aiko masa da ita. An gaya wa yaron cewa ƙwayoyin ciki suna warkar da ciwon gwiwa, kuma suna saukar da sukarin jini. Dattijon ya iya haɗa baƙaƙe, amma sunan ya gagare shi. Muka karanta tare: niyasinamid, miligiram 500. Da muka tambaye shi maganin ciwon sukari da aka rubuta masa a gidan likita, sai ya ce ya ajiye shi tun mako uku, tunda ga wanda ya fi shi ya zo daga waje.

Wannan amsa ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Niyasinamid ba ƙarya ba ne. Wani nau'i ne na bitamin da ake kira B3, kuma jikin kowa yana bukatarsa. Amma kaɗan ya ishe shi: miligiram 16 a rana ga namiji, 14 ga mace. Ke nan ƙwaya guda ta cikin kwalbar nan ta kai abin da jiki yake nema na wata guda cur.

Wanda ya rasa wannan bitamin yakan kamu da wata cuta mai suna felagara. Fatar wuya da ta bayan hannu, inda rana ke bugu, takan yi baƙi ta tsattsage. Zawo ya biyo baya, daga nan hankali ya rikice. Cutar ta fi kama mutanen da masara kaɗai suke ci. A 1990, a ƙasar Malawi, ta kama ƴan gudun hijirar Mozambik kusan 18.000, bayan da gujiyar da ake raba musu ta yanke. Ku lura da kyau: gujiya, irin wadda muke nomawa a Maraɗi da Damagaram. Ga mai felagara, niyasinamid magani ne na gaske, kuma likita ke ba da shi na ƴan makonni.

To, ciwon gaɓoɓi fa? Zancen ya samo asali ne daga wani likitan Amurka, William Kaufman, wanda ya riƙa ba marasa lafiyarsa wannan bitamin da yawa tun wajen 1940, ya ce gaɓoɓinsu sun saki. A 1996 aka gwada abin ga mutum 72 na tsawon mako 12. Waɗanda suka sha sun ɗan fi iya motsa gaɓa, sun kuma rage maganin zafi kaɗan. Amma zafin kansa bai canza ba. Mutum 72 ko layin masallacin Juma'a guda ba su cika ba, kuma wata uku ba ya nuna abin da zai faru bayan shekara. Shi ya sa har yau likitoci ba su sa shi cikin magungunan ciwon gaɓoɓi ba.

Batun sukari ya fi wannan fitowa fili, domin an yi masa babban gwaji. Ciwon sukari iri biyu ne: akwai mai kama yara da matasa, wanda sai da allurar insulin, akwai kuma na manya, wanda ya fi yawa a cikinmu. Masana sun yi zaton niyasinamid zai kare mutum daga na farkon. Suka ɗauki mutum 552 a Turai da Kanada da Amurka, dukansu dangin masu ciwon ne. Rabi suka sha bitamin, rabi suka sha ƙwaya marar komai a ciki, har shekara biyar. Da sakamako ya fito a 2004, ciwon ya kama ɓangarorin biyu kusan daidai wa daida. Bitamin bai kare kowa ba. Na manya kuwa, babu gwajin da ya nuna cewa niyasinamid zai tsaya a madadin maganin likita. Akwai ma ɗan uwansa mai suna niyasin, wanda in an sha shi da yawa yake ɗaga sukarin jini. Sunayen sun yi kama, kuma mai talla a kasuwa ba lalle ya bambance su ba.

Wani zai ce: ai bitamin ne, in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Ba haka ba ne. Giram 3 a rana, wato ƙwaya shida irin ta dattijon nan, yana iya taɓa hanta, ya kawo tashin zuciya da amai. Amma a ganinmu babbar ɓarnar ba a cikin kwalbar take ba, tana cikin maganin da aka ajiye saboda ita. Sukari ba ya ihu. A hankali yake cin ido da ƙoda, ya kashe jijiyoyin ƙafa, har ƙaya ta soki manomi a gona bai ji ba, gyambo ya kafu, wata rana a ce sai an yanke.

Ba mu ga laifin ɗan da ya aiko ba, ƙauna ce ta sa shi. Mun kuma san magani yana da tsada, gidan likita yana da nisa ga mutanen ƙauye da yawa. Sai dai kuɗin kwalba da na aike, da an ba tsohon a hannu, da sun kai shi awon jini. Awon ba wuya: ɗigon jini guda ne daga yatsa, da safe kafin a ci komai. Duk mai yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama, ya je a auna shi. Mai ciwon gwiwa kuma ya nuna ta ga likita, ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kullum, ya rage ƙiba in yana da ita, kada ya ji kunyar riƙe sanda.

Bitamin ɗin kuwa yana nan cikin gujiya da kifi da nama da hanta da kaza, wake ma yana da nasa. Mata masu matsar mai su sani cewa ba ya bin mai, cikin tunkuza yake zama, saboda haka ƙuli-ƙuli da miyar gujiya suna ɗauke da shi. In kaka ta yi, kada a kai gujiya kasuwa duka, a ware ta gida. A shanya ta sosai, a tsince wadda ta yi funfuna a zubar, don ita ma tana lalata hanta.

Dattijon nan mun roƙe shi ya koma gidan likita ranar kasuwa, da kwalbar da tsohuwar takardar maganinsa duka a hannu. Malamin cibiyar ya ɗauki alkawarin raka shi.