Maharbin da ya iya kira ya san ranar yin shiru

A makon jiya, bayan saukar ruwan shuka, na kwana biyu a Gagarawa Tasha. Da asuba na fita bayan gari, na bi gefen layin dogon da ya taso daga Kano ya isa Nguru a 1930, ina kasa kunne ko zan ji kukan zabin daji. Har rana ta ɗaga ban ji ko ɗaya ba. A hanyar komawa na haɗu da wani yaro ɗauke da ƙoƙo cike da ƙwan zabi. Na tambaye shi ko na gidansu ne, ya ce a gindin sabara ya tsince su, kuma bai bar ko guda a sheƙar ba. Wannan ƙoƙon ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Kawuna, Allah Ya jiƙansa, maharbi ne, kuma a wurinsa na fara ganin yadda ake kiran tsuntsu da baki. Shi ya koya mini cewa muryar zabuwa dabam, ta zakaran zabi dabam. Zabuwa tana yin kuka mai gaɓa biyu, ta yi ta maimaita shi, namijin kuwa gaɓa ɗaya yake jerawa da kaifi. Da rani zabin daji a garke suke yawo, su kwana kan bishiya, su sauko da sassafe su nufi kiwo da ruwa. Ba su son tashi sama, gudu suka fi dogara da shi.

Dabarar Kawu ta ginu ne a kan wannan hali. Yakan tarwatsa garken da gangan, sa'an nan ya jingina da gindin kalgo ko aduwa ya yi tsit, har sai daji ya natsu. Zabon da ya rabu da 'yan'uwansa ba ya iya haƙuri, zai fara neman su da murya. A lokacin ne Kawu zai dunƙule tafin hannunsa a baki ya amsa da kukan zabuwa, sau biyu ko uku, a hankali, ya sake yin shiru. Na taɓa ce masa, "Kawu, me ya sa ba za ka ƙara ba, ga shi yana amsawa?" Ya ce, "Ɗana, yawan kira shi ke tona maharbi. Ka bar shi ya neme ka." Ya kuma hana ni ko korar ƙuda, domin idon zabo ya fi kunnensa kaifi.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne, da zarar damina ta faɗi, Kawu yakan rataye bindigarsa. A wannan lokaci garke ke watsewa, su koma bibbiyu, zabuwa ta yi sheƙa a ƙasa cikin ciyawa ta kwanta kan ƙwai kwana 26 zuwa 28. Wanda ya harbe ta a lokacin ya kashe garken baɗi tun yana cikin ƙwai. Ba wata hukuma ce ta hana Kawu ba. Sanin tsuntsun da ya koya masa kira, shi ne ya koya masa dakatawa.

Na yi mamaki da na karanta cewa maharban Amurka suna da irin wannan sana'a a kan talotalon daji. Suna kwaikwayon muryarsa da ɗan akwatin katako, ko allon dutse da ake gogawa da tsinke, ko wata 'yar roba da ake maƙalawa a ganɗa, har da ƙashin fiffiken tsuntsun kansa. Da kaka sukan tarwatsa garke su zauna su kira, tamkar yadda Kawu ke yi. Da bazararsu kuwa kukan mace suke yi don jawo namiji.

Su ma sun kusa rasa tsuntsun nasu. Sare dazuzzuka da farauta ba ƙa'ida sun rage shi har ƙiyasin da aka fi ambata ya ce bai wuce 30,000 ba a shekarun 1930. A 1937 suka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai domin farfaɗo da namun daji. Suka riƙa kama tsuntsayen da raga suna kai su wuraren da suka ƙare, suka ƙayyade lokacin farauta da adadin da mutum zai harba. A farautar bazara yawancin jihohi mai gemu kawai suka yarda a harba, wato galibi namiji, kuma sun haramta kira da na'urar lantarki. Zuwa farkon shekarun 2000 talotalon daji ya kai kusan miliyan 7.

Mu a ƙasar Gumel ta ɗaya hanyar muke bi. Tun farin 1973 da na 1984 daji ke ja da baya. Daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari gona ta haɗe da gona, itacen girki ya cinye inuwar kwana, sauran ciyawar kuma ana banka mata wuta. A kan wannan aka ƙara kwashe ƙwai, da zuba maganin ƙwari cikin hatsi a bakin ruwa, abin da ke hallaka tsuntsu ya kuma jefa mai cin naman cikin haɗari. Yanzu ma ana iya ɗaukar kukan zabuwa a wayar hannu a kunna shi a daji. Waya tana da muryar, amma ba ta da kunyar Kawu.

Ba na kiran a hana farauta. Sana'ar iyaye ce, tana da sarautunta da ladubbanta, kuma maharbi ne ya fi kowa sanin dajin. Roƙona guda uku ne. Masarautar Gumel ta tara Sarakunan Baka da dagatai su ayyana damina, daga shuka zuwa girbin gero, a matsayin lokacin da ba a harbin zabo da fakara, ba a kuma taɓa sheƙa. A ɗauki farauta da guba a matsayin laifin da mai unguwa zai kai gaba. Sa'an nan duk inda ake dashen itatuwa a ƙarƙashin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, a bar wani yanki da sabara da ciyawarsa, domin zabuwa a ƙasa take ƙyanƙyasa.

Ga ɗalibanmu kuma, musamman masu nazarin halittu da na Hausa, akwai aiki a gabanku. Tsofaffin da suka iya wannan kira suna ƙarewa. Ku je ku zauna da su, ku ɗauki muryoyinsu, ku rubuta ƙa'idojinsu tun suna raye.

Na sayi ƙwan nan daga hannun yaron, na ba wata gwaggona ta sa wa kazarta, ko Allah Zai sa su ƙyanƙyashe. Na kuma roƙe shi, in ya sake cin karo da sheƙa, ya wuce kamar bai gani ba. Ya yi dariya ya ce, in shi ya bari wani zai kwashe. Gaskiya ya faɗa, kuma shi ya sa maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.