Sharhi: Ayarin kat-kat na ƙarshen mako, ko ya dace da tsohon hannu?

Da sanyi ya shigo, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, masu motocin kat-kat kan fara jin ƙaiƙayin fita daji. Sai ka ga an haɗa mota shida ko takwas, an yanka abin da kowa zai zuba, an sa rana: a tashi Juma'a da la'asar, a kwana biyu a kan rairayi, a dawo gida Lahadi da dare. Mutanen Yamai kan nufi tuddan rairayin da ke hayin kogi, na Agadas kuwa su shiga duwatsun Abzin, in hali ya yi su leƙa bakin Tenere. Ga wanda ya sayi mota jiya ba a ma tsayawa gardama, kowa ya san gara ya bi jama'a. Inda ake ja-in-ja shi ne wajen tsofaffin hannu, waɗanda suka shekara goma ko ashirin suna cin ƙurar sahara. Shin irin wannan fita ta dace da su, ko ɓata lokaci ce da ɓarnar mai?

A gidanmu na fara jin wannan gardama. Ina da kawu da ya yi shekara fiye da ashirin yana tuƙi tsakanin Agadas, Dirku da Bilma. Bara wasu samari suka zo har gida suna roƙon ya shiga fitarsu. Bayan sun tafi sai ya dube ni ya ce, "Mushe, ashe raini ya kai nan? Ni da na kwana a Tenere sau ba adadi, yanzu in biya kuɗi don yaron da ya samu lasin bara ya ce mini ga inda zan bi?" Na ce, "Kawu, ai ba raini ba ne, girmamawa ce." Ya ce, "Girmamawar da za ta ƙare da shebur a hannuna ina tonon motar wani."

Maganar tasa da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a share ta ba. Ayari da saurin na baya yake tafiya. Tafiyar da gwani zai yi cikin awa uku, sai ta ci yini guda saboda wannan ya kafe, wancan ya ƙona kuloci, wani kuma ya tsaya ɗaukar hoto. Hanyar da masu shiryawa ke zaɓa sau da yawa mai sauƙi ce, don kada sababbi su wahala, shi kuwa gwani ya yi ta hamma a bakin sitiyari. Ga kuma abin da ya fi ciwo: ya zuba kuɗinsa daidai da kowa, amma shi ne bakanike, shi ne mai ja, shi ne mai nuna hanya, kuma a kyauta. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, in ya ƙi komawa bai yi laifi ba.

Duk da haka ra'ayina shi ne fitar ayari ta dace da gwani, in dai an shirya ta yadda ya kamata. Dalilina na farko: gwaninta tana hana direba yin kuskure, amma ba ta hana ƙarfe karyewa. Famfon mai ba ya tambayar shekara nawa ka yi kana tuƙi kafin ya mutu. Lagireto zai iya tsagewa a hannun wanda ya fi kowa sanin hanya. A kan kwalta wannan ɓacin rai ne na yini ɗaya. A wurin da babu layin waya, babu rijiya, babu mai wucewa, magana ce ta rai da mutuwa. Gwani ma ya fi sabon shiga shiga wannan haɗari, domin shi ne mai ƙarfin halin yin nisa shi kaɗai. Sabon shiga tsoro kan tsare shi kusa da gari.

Tarihin saharar nan tamu ya isa shaida. Bafaranshen nan Thierry Sabine, wanda ya kafa tseren Paris-Dakar, ɗan tseren babur ne da ya ɓace a sahara a shekarar 1977, kuma ba iyawarsa ce ta fid da shi ba, nemansa aka yi aka gano shi. A 1983, lokacin da tseren ya ratsa Tenere, guguwar rairayi ta watsa 'yan tsere kusan 40, mutanen da tuƙi ne sana'arsu, sai da aka kwana ana bin sawunsu da jirgi mai saukar ungulu. Itaciyar Tenere ma, wadda ta tsaya ita kaɗai ba wata bishiya kusa da ita a tazara mai nisa, direba ne ya banke ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, duk mai shakka ya je ya gani. In mutum zai iya karo da bishiya ɗaya tilo a fili fetal, to babu wanda ya wuce tsautsayi.

Kakanninmu sun riga mu gane wannan. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa tafiya ɗai-ɗai ba, haka ma ayarin gishirin da ke tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma har gobe. Kuma a cikin ayarin fatake ba a ce kowa daidai yake da kowa ba. Akwai madugu uban tafiya, akwai jagaba mai shiga gaba, kowa da matsayinsa. Ba wanda ya taɓa cewa madugu ya fi ƙarfin ayari don ya san hanya. Sanin hanyar ne ma ya ba shi muƙamin. Tambayar da ta kamata a yi ke nan: in gwani ya shiga ayari, a wane matsayi zai shiga?

Dalili na biyu ya shafi ilimin kansa. Abin da ke cikin kan direbobi irin su kawuna ba ya cikin littafin koyon tuƙi. Su suka san cewa rairayi ya fi ɗaukar mota da sassafe lokacin da yake da sanyi, da rana ta take kuwa sai ya saki. Su suka san a rage iskar taya sosai kafin a hau rairayi don tayar ta baje, a kuma mayar da iskar kafin a shiga duwatsu, in ba haka ba dutse ya yanke gefenta. Sun san mota in ta fara nitsewa ba a ƙara mata wuta, domin kabarin kanta za ta haƙa. Tsayawa ake yi, a tone, a shimfiɗa faifan ƙarfe, a fita da ƙaramar giya a hankali. Sun san ba a hawa tudun rairayi a karkace, ba a kuma faɗawa bayansa ba tare da an san abin da ke can ba. Sun san ba a kwana a cikin ƙorama a Abzin da damina ko da sama tana garau, don ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa zai iya iske ka cikin dare. Sun san mota ta fi shan mai a rairayi nesa ba kusa ba, saboda haka ba a lissafin jarka da ma'aunin kwalta.

Wannan ilimi yana tsufa tare da masu shi. Da can matasa kan koye shi a matsayin yaran mota, lokacin da masu yawon buɗe ido ke cika Agadas. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka durƙusar da wannan kasuwa. Tseren Dakar ma an soke shi a 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, daga baya ya tare a Saudiyya tun 2020. Yau da yawa daga cikin jagororin da duniya ta san da zamansu suna zaune a inuwa suna shan shayi, ga kuma samari masu sababbin motoci da ba su taɓa rage iskar taya ba. Fitar ƙarshen mako tana cikin 'yan wuraren da suka rage da waɗannan biyun za su haɗu. Ni da nake koyarwa na san abin da ke faruwa da yaro mai ƙoƙari in aka bar shi yana jiran 'yan baya: gundura ta kama shi, ya fara damun aji. Ranar da ka miƙa masa alli ka ce ya fito allo, ranar yake gane ashe akwai abin da shi ma bai riƙe da kyau ba. Direban da ya saba yin abu da hannu, ranar da aka ce ya bayyana dalili, shi ma sai ya ƙaru.

Amma kada masu shirya fita su ɗauki wannan sharhi a matsayin lasisi. Tara motoci ba shi ne ayari ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Mota biyu suka tashi da su, duka suka lalace, ƙishirwa ta gama da su kafin taimako ya iso. Waɗannan bayin Allah neman abinci ya fid da su, ba shaƙatawa ba, amma sahara ba ta bambancewa. Abin da ke ceton rai shi ne tsari, kuma kafin gwani ya zuba ko dala yana da haƙƙin ya tambayi wannan tsari.

Wa ke gaba, wa ke baya? Ya kamata motar ƙarshe ta zama ta wanda ya iya, mai igiyar ja da kayan gyara. Kowane direba kuma amanar motar da ke bayansa tana wuyansa: in ya duba madubi bai gan ta ba, ya tsaya, ta haka duk ayarin zai tsaya. Akwai wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya, ko dogaro ake da layin da zai ɗauke bayan kilomita kaɗan? Wa aka bar wa hanyar da za a bi da ranar dawowa, don in an ji shiru a san inda za a nema? Ruwan sha na kwanakin tafiya kawai aka ɗauka, ko an yi tanadin ƙarin kwanaki? An duba kowace mota kafin a tashi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a halin tsaron da ake ciki, an sanar da jandarmomi da hukumomin yankin? Inda suka ce ba a shiga, to ba a shiga, ko da madugun ya san wurin kamar tafin hannunsa. Duk mai shiryawar da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ya riga ya ba ka amsa.

Sai maganar adalci ga gwanin kansa. A raba hanya gida biyu, mai sauƙi ga masu koyo, mai wuya ga waɗanda suka iya, a haɗu a zango da yamma. Wanda aka san zai yi jagora ko gyara kada a karɓi kuɗinsa; in ma sana'arsa ce, a biya shi. Abin kunya ne a kashe dubban jikkuna a nama da lemo, sannan a sallami jagoran da ya kai ku ya dawo da ku da "Allah ya saka da alheri" kawai.

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata ba amma fitar ta shafe su. Na yi aiki a wani ƙauye inda wata Asabar motoci suka ratsa ta cikin gonakin wake don yanke hanya, suka tsorata garke a bakin rijiya, suka wuce ko sallama babu. Masu motar sun koma birni da hotuna, mai gonar ya kwana da takaici. Daji yana da masu shi. Gandun Abzin da Tenere yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1991. Zanen raƙuman dawa da ke kan dutse a Dabus ya shekara dubbai, ƙasusuwan manyan dabbobin da a Gadufawa kuwa miliyoyin shekaru, taya ɗaya ta isa ta farfasa su. Barewar da aka kora da mota don nishaɗi sau da yawa ba ta rayuwa bayan gudun. A nan ma zuwan dattijon direba yana da amfani. Yaro mai zafin kai ba zai ji maganar sa'ansa ba, amma in wanda ya shekara ashirin a hanya ya ce "ba a bi nan," sai ka ga ya juya kan mota.

Kawuna dai bai je fitar bara ba, kuma ban matsa masa ba. Bana samarin sun dawo da wata magana daban: ba kuɗinsa suke so ba, su ne za su biya shi, shi zai zaɓi hanya, shi zai duba motoci kafin a tashi. Ya ce zai yi shawara, amma na gan shi ya fito da tsohon famfon iskarsa yana share masa ƙura.

Shawarata ga tsofaffin hannu ita ce ku je, amma ku yi tambaya kafin ku je, kuma kada ku yarda a mai da ku 'yan rakiya. In tsarin ya yi, ku shiga gaba ku riƙe ragama. In kun ga tsere da nuna isa ne kawai, ku ajiye makullinku, ku kuma gaya wa samarin dalili ƙarara, wataƙila wani a cikinsu ya ji. Masu shiryawa kuma su tuna duk motar da ta fita, akwai gidan da ke jiran ta ranar Lahadi da dare. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.