Bindiga ba ta hana bututu tsatsa

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatan mahukuntanmu, daga Abuja har Yamai har Tarabulus, wai tsaron bututun mai aikin mai kaki ne. Da an ji bututu ya fashe, sai a ƙaro sojoji. Da an ji ana satar mai, sai a nemo wani tsohon ɗan tawaye a ba shi kwangilar gadi. Shi kuwa masanin muhalli ɗan rakiya ne, ana ɗaukarsa ya rubuta rahoton da banki ke nema kafin ya ba da bashi, daga nan a jefa rahoton a durowa. Matasanmu sun karanci wannan sarai. Shi ya sa mai neman abinci a harkar mai yake fafutukar shiga kamfanin gadi, ko ya sayi takardar shaidar kwas ɗin sati biyu ya haɗa da takardunsa, ya zauna jiran wani babba ya sa masa hannu. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana cin rayuka. Mai shakka ya dubi kudancin Libiya.

Sabha ita ce babban birnin yankin Fezzan, kuma ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ta wannan ƙasa ayarin Kano ke ratsawa zuwa Tarabulus a zamanin da, yau kuma 'yan ci-rani daga Damagaram da Agadas da Kano sun cika kasuwanninta. Yamma da ita, bayan Ubari, akwai rijiyoyin Sharara, mafi girma a Libiya, masu iya fitar da ganga wajen dubu 300 a rana. Kamfanin Akakus ke tafiyar da su, wato haɗin gwiwar kamfanin mai na ƙasa, NOC, da Repsol da TotalEnergies da OMV da Equinor. Daga nan bututu ya miƙa fiye da kilomita 700 cikin sahara zuwa Zawiya a bakin teku. Idan akwai bututun da aka tara wa masu bindiga a duniya, to wannan ne, domin Libiya tana da runduna sukutum da aka ware don gadin wuraren mai, gwamnati na biyanta albashi.

Me wannan gadi ya haifar? A watan Nuwamban 2014 wasu masu ɗauke da makamai suka rufe makullin bututun a Rayayna, kusa da Zintan, ba a sake buɗe shi ba sai Disamban 2016. Shekara biyu cur. A Disamban 2018 masu zanga-zangar da suka kira kansu Fushin Fezzan suka mamaye Sharara, NOC a ƙarƙashin Mustafa Sanalla ya fito fili ya zargi wasu daga cikin masu gadin da buɗe musu ƙofa, aikin bai dawo ba sai Maris ɗin 2019. A Janairun 2024 mutanen yankin suka sake rufe rijiyoyin na kusan mako uku. A gabashin ƙasar ma, Ibrahim Jadran, wanda ya toshe tashoshin fitar da mai a 2013, shi ne a lokacin kwamandan masu gadin wuraren man yankin. An ba kura ajiyar nama, aka koma ana mamakin inda naman ya shiga. Mai bindigar da ka biya don kada a taɓa bututu ya gane cewa darajarsa tana tashi ne ranar da aka taɓa shi.

Sai a tambaya, me ya sa talakan Fezzan yake rufe arzikin ƙasarsa? Amsar tana layin gidajen man Sabha. Farashin gwamnati na litar fetur a Libiya dirhami 150 ne, bai kai kuɗin robar ruwan sha ba, amma mazaunin Sukra ko Gurda ko Mahdiyya yakan wayi gari gidan mai a kulle, ya koma wajen 'yan bumburutu ya saya da ninkin-ba-ninkin farashin. Ɗanyen man yana fita daga ƙarƙashin ƙafarsa zuwa arewa, tataccen kuma sai a tanka yake dawowa, wani kaso ma masu fasa-ƙwauri su karkatar da shi zuwa Nijar da Chadi da Sudan. Ranar 1 ga Agustan 2022 wata tankar fetur ta kife a Bint Bayya, tsakanin Sabha da Ubari. Jama'a suka rugo da jarkoki, wuta ta tashi, nan take mutum tara suka mutu, fiye da 70 suka ƙone, aka kwashe da yawa zuwa asibitin Sabha, wasu suka cika daga baya. Duk yawan masu gadin Sharara, babu ɗaya daga cikinsu da aikinsa ya shafi hana wannan.

Ga kuma abokin gaba na biyu, wanda ba ya jin tsoron kowa. A Janairun 2021 kamfanin Waha ya tsayar da babban bututunsa mai zuwa tashar Sidra don gyara, abin da Libiya ke fitarwa ya ragu da ganga wajen dubu 200 a rana. Babu wanda ya kai hari. Ƙarfe ne ya tsufa, tsatsa ta cinye shi, shekaru ana biyan masu gadi ana hana masu gyara kuɗi.

Kada mu yi wa Libiya dariya, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Arewacin Nijeriya yana da bututan da aka shimfiɗa don kai mai daga matatar Kaduna zuwa ma'ajiyoyin kamfanin mai na ƙasa, NNPC, na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri. Ma'ajiyar Hotoro tana nan a Kano, amma yaushe rabon bututu ya cika ta yadda aka tsara? Fasawa da rashin gyara sun kashe layukan, sai dukan man Arewa ya koma kan titi, a bayan tankoki masu tafiyar kwana da kwanaki daga Kudu. Sakamakon shi ne gobarar tankar Majiya a Jigawa, a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka ƙone, da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025. Kafin su akwai tankar Yamai a Mayun 2019, akwai kuma bututun Jesse a 1998 da ya ci rai fiye da dubu. Bayan kowace musiba sai a zargi kwaɗayin talaka, a manta da wanda ya bar bututu ya mutu.

Masu ra'ayin bindiga za su kawo kwangilar gadin bututu da aka ba kamfanin Tantita na tsohon ɗan tawaye Tompolo a 2022, su ce ai man da Nijeriya ke fitarwa ya ƙaru bayanta. Gaskiya ne ya ƙaru. To amma a tuna abin da Mele Kyari, shugaban NNPC na lokacin, ya shaida wa majalisar dattawa a Oktoban shekarar: an gano wani haramtaccen bututu mai tsawon kilomita huɗu a yankin Forcados, wanda ya shekara tara yana zuƙar mai. Shekara tara mai yana shiga ta wannan baki, yana fita ta wancan a rage, babu wanda ya auna, ko kuma an auna an yi shiru. Wannan gazawar ma'auni ce da gazawar amana, kuma ƙarin bindigogi ba ya gyara ko ɗaya. Masu ra'ayin bindigar za su kuma kawo bututun Nijar, mai kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda 'yan tawaye suka fasa a Yunin 2024, aka kuma kashe sojoji masu gadinsa. Babu mai hankalin da zai ce a janye soja daga inda ake yaƙi. Amma soja nawa za a jera a kilomita 2,000? Ranar da aka fasa, wa ya rufe makulli, wa ya auna iya inda man ya malala, wa ya duba rijiyoyin da makiyaya ke shayar da raƙuma?

Masu yin waɗannan su ne ainihin masu tsaron bututu, kuma sana'arsu tana da sassa da ake koya. Akwai mai duba walda, wanda ke haska kowace mahaɗa da na'ura kafin a binne ta. Akwai mai yaƙi da tsatsa, wanda ke bin layi turke bayan turke da mita a hannu, yana auna 'yar wutar lantarkin da ake sakar wa ƙarfe don kada ƙasa ta ci shi, idan allura ta faɗi ƙasa da ƙa'ida ya san akwai inda rufin bututu ya yage. Akwai mai tura na'ura cikin bututu ta bi mai tana auna kaurin ƙarfe, ta fito da bayanin inda ya yi siriri. Akwai mai zama ɗakin lura da tsakar dare, idonsa a kan kwamfuta, wanda zai ga matsin mai ya sauka ya gane an huda. Akwai mai ɗibar ƙasa da ruwan rijiya a kwalba tun kafin a fara aiki, don ranar da aka yi malala a san yadda wurin yake a da. Rashin irin wannan ne ya sa sai a 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa mutanen Ogale a ƙasar Ogoni suna shan ruwa mai gubar benzin ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

Shugabanci a wannan fage kuwa abu ɗaya ke tabbatar da shi, wato ikon cewa a tsayar da famfo, a kuma tsayar. Manajan tsaron da sai ya nemi izinin mai ƙidayar ganguna kafin ya rufe layin da ke yoyo, sunan muƙami kawai yake da shi. Kuma dole ya zama mai iya zama a zauren dagaci. A Fezzan, injiniyan da ke jin Larabci da Buzanci da Tubanci ya fi motar yaƙi goma amfani, domin makiyayi ne ke fara ganin baƙin tabo a yashi, kuma wanda ya sani yake gaya wa. Dokar man fetur ta Nijeriya ta 2021 ta ware kashi uku cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani ga al'ummomin da ake haƙar mai a ƙasarsu, ta kuma ce za a cire kuɗin gyara daga kasonsu idan aka yi ɓarna. Wato doka ta ɗora wa ƙauye alhakin bututu, alhali ba a koya wa ɗan ƙauyen ko karanta mita ba.

Yanzu bututun gas na AKK, mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano ta Kaduna, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, yana ratsa gonakinmu, ga kuma rijiyoyin Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe. Gas ya fi ɗanyen mai haɗari, ba ya malala a gani, tashi yake da unguwa. Idan muka bi tafarkin Fezzan, 'ya'yanmu za su samu aikin riƙe gora a bakin ƙofa, masu auna ƙarfe kuma a ɗauko su daga wata ƙasa. Matashin da ya karanta injiniya ko kimiyyar muhalli a Zariya ko Bauchi ko Kano ya zaɓi sashe ɗaya daga waɗanda na lissafa ya ƙware a kai da hannunsa, ko da zai kai shi Cibiyar Horon Man Fetur ta Effurun. Gwamnonin Kaduna da Kano kuma su tambayi NNPC da asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF a rubuce: mutum nawa daga ƙananan hukumomin da bututun ya ratsa aka horar a kan walda da tsatsa da kashe gobarar gas, kuma nawa aka ware wa gyara a kowace shekara idan aka kwatanta da na gadi? Su nemi amsar kafin a saki gas a layin.