Raddi Ga Mai Cewa Gwajin t Yana Tabbatar da Matsakaici

Wani malamin ƙididdiga ya rubuta wa ɗalibai cewa in gwaji bai rushe hasashen farko ba, to an tabbatar da shi ke nan: matsakaicin da aka yi iƙirari shi ne na gaskiya. Wai kuma samfura 30 sun isa komai, wai 0.05 ce iyakar gaskiya da ƙarya. Haba malam!

Mu fara da babbar maganar. A ɗauka ɗan kasuwa ya ce kowane buhun shinkafarsa kilo 50 ne. Aka auna buhu 10, matsakaicinsu ya zo 49.2, ma'aunin warwatsuwa 1.5. Raba 1.5 da tushen 10, ka sami 0.47. Giɓin 0.8 a kan 0.47 ya ba da t kusan 1.69, alhali jadawali na neman 2.262. Ba a rushe 50 ba. Madalla. To gwada 49 da waɗannan alƙaluman: t ya zo 0.42, ba a rushe ba. Gwada 48.5: 1.48, nan ma ba a rushe ba. Ashe malam ya tabbatar da nauyi uku ga buhu guda? Duk abin da ke tsakanin kusan 48.1 da 50.3 zai tsallake wannan gwaji. Da buhu 100 aka auna aka sami waɗannan alƙaluma, t zai haura 5, iƙirarin ɗan kasuwa ya faɗi warwas. Wanda hazo ya hana shi ganin jinjirin wata ba ya rantsuwa cewa wata bai tsaya ba. Ronald Fisher da kansa ya bayyana a 1935 cewa hasashen farko ba ya tabbatuwa, sai dai a iya rushe shi. Neyman da Pearson kuwa tun 1933 suka yi bayanin kuskuren barin hasashen ƙarya ya wuce. Ko malam bai kai wannan babin ba?

Batun 30 ƙiyasi ne kawai. In alƙaluma sun karkata gefe guda sosai, 30 ba ta wadatarwa. William Gosset ma don ƙananan samfura ya fitar da lissafinsa a 1908, yana aiki a kamfanin Guinness.

Ita kuwa 0.05 al'ada ce da Fisher ya yaɗa, ba wahayi ba.

Ɗalibi, rubuta "ba mu sami isasshiyar hujja ba", ka ajiye alƙalami.